Sau biyu ina tara kuɗin tafiya suna narkewa, yanzu maiɗakina ta daina tayar da maganar

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 38, ina aikin albashi. Shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu uku. Tun muna ango da amarya na yi wa maiɗakina alkawarin zan kai ta wani wuri mu huta, mu ga gari, ko na kwana biyar ne. Har yau ba mu je ko'ina ba, in ban da tafiyar da ta zama dole ta dangi. Sau biyu ina tara kuɗin. Na farko ƙanena ya zo da maganar kuɗin makaranta, na kwashe na ba shi. Na biyu sun kusa cika sai mota ta lalace, suka ƙare a wurin bakanike. Yayana da ya ji ina shirin tarawa karo na uku ya ce almubazzaranci ne, mai 'ya'ya uku a gidan haya ba ya yawon buɗe ido, in tara in sayi fili. Wani abokina kuma ya ce in ci bashi mu tafi, in dawo in riƙa biya a hankali, wai rai ba ya jira. Abin da ya fi damuna shi ne maiɗakina ta daina maganar gaba ɗaya. Da can takan nuna mini hotunan wurare a waya, yanzu in na shigo tana kallo sai ta kife wayar. Ni kaina na gaji, shekara huɗu rabona da ɗaukar hutu. Shin tafiyar nan ta kai a sha mata wannan wahala, ko Yaya ne ke da gaskiya? In ta kai, yaya zan tara kuɗin su tsaya?

Wani magidanci

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma duk sau biyun wuri ɗaya na tsaya, wurin wayar nan da ake kifewa in ka shigo. Wanda ya cire abu daga ransa ba ya ci gaba da kallon hotonsa. Tunda tana kallo, son yana nan. Kifewar kuwa, ko dai rufa maka asiri take yi don kada ka ɗauka gori ne, ko kuma kanta take karewa daga sa rai karo na uku. Ko wanne ne, mace ce mai kara, kuma karar tata ce ta sa abin ya fi yi maka nauyi fiye da a ce mita take yi maka kullum. Za mu dawo kanta. Bari mu fara da kuɗin, tunda su suka kawo ka.

Ban ga laifinka ba a kan inda kuɗin suka tafi. Wanda ya bari aka kori ƙanensa daga makaranta don ya je ya kwana a otal ba zai ji daɗin barcin ba, mota kuma in ta tsaya, rabin harkar gida ce ta tsaya. Kuskuren yana wani wurin: tukunya ɗaya ka yi wa komai. Kuɗin da kake kira na tafiya su kaɗai ne ajiyar gidanka, don haka su ne na asibiti, su ne na bakanike, su ne na duk ɗan'uwan da ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sunan tafiya kawai suke amsawa. In ka sake tarawa a haka, wata larurar za ta zo ta same su a wata na takwas ko na tara, domin gida mai mutum biyar da mota da dangi da wuya ya cika shekara wani abu bai taso ba. Kada ka kira wannan rashin sa'a. Abu ne da ke zuwa kowace shekara, lissafinka ne bai tanadar masa wurin zama ba.

Kada kuma ka yi saurin watsar da maganar Yayanka. Ya ga ƙanensa a gidan haya da yara uku, yana jiye masa tsoron gobe, kuma wannan ƙauna ce ko da ta fito da kaushin harshe. Akwai halin da zan ce ka bi shi ba musu: in ana binka bashi, in kuɗin haya ko na makarantar yara ba su da tabbas, in yau albashi ya yi jinkirin mako biyu gidan zai girgiza. A irin wannan hali tafiya ta jira. Inda na rabu da shi shi ne ya ɗora fili da tafiya a sikeli kamar nauyinsu ɗaya. Rubuta su biyun a takarda ka gani. Kwana uku ko huɗu a wuri mai matsakaicin nisa ɗan yanki ne na kuɗin fili. In kun je, sayen filin zai ja baya da 'yan watanni, ba fasawa zai yi ba. In kuwa takarda ta nuna tafiyar za ta cinye rabin kuɗin fili, to tafiyar ce ta yi girma, sai a rage mata tsawo. Sannan ga abin da ban ji ya sa a lissafinsa ba: shekara tara ba ku je ko'ina ba, filin ma bai samu ba. Ashe ba tafiya ce ta tare wa fili hanya ba. Abin da ya cinye kuɗin tafiya sau biyu, shi zai cinye kuɗin fili in ka tara su a tukunya guda.

Almubazzaranci shi ne zuba dukiya inda babu amfani, don haka tambayarka tana kan hanya: akwai amfanin? Akwai, amma zan faɗa maka shi da iyakarsa, ba zan yi maka irin zaƙin bakin masu tallan tikiti ba. A 2003 wasu malaman nazarin halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Leaf Van Boven da Thomas Gilovich, sun tambayi mutane game da kuɗin da suka kashe, wasu a kan kayan da ake ajiyewa, wasu a kan abin da ake yi ya wuce, irin su tafiya. Mafi yawa suka ce na biyun ya fi faranta musu rai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kujera sabuwa wata biyu ne ido ya saba da ita, daga nan ta fara tsufa, kuma ta maƙwabci tana iya fin ta. Tafiya kuwa labari take zama, labarin yana ƙara daɗi da shekaru, har motar da ta lalace muku a hanya sai ta koma abin dariya. Sai dai wani binciken da ya fito a 2018 ya nuna wannan fifiko ya fi ƙarfi a wurin masu hali. Wanda abin hannunsa ke da ƙaranci, sayen abin da yake buƙata yakan faranta masa daidai da tafiya, wani lokaci ma fiye. Ka ga Yaya yana da rabonsa na gaskiya. Wanda tukunyarsa ke tangal-tangal, bakin teku ba ya sanyaya masa zuciya.

Akwai wani binciken da ya fi shafar ka kai tsaye. A ƙasar Holan, Jeroen Nawijn da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 1,530, waɗanda 974 daga cikinsu suka tafi hutu, aka wallafa sakamakon a 2010. Kafin a tashi, masu shirin tafiya sun fi waɗanda ba za su je ba farin ciki. Bayan an dawo kuwa, yawancinsu sun koma daidai da kowa, in ban da waɗanda suka samu hutu na gaske ba gaggawa ba hayaniya. Su kam daɗin ya bi su kamar mako biyu kafin ya fara dishewa. Ina so ka tauna wannan da kyau. Kada ka ɗora wa kwana huɗu nauyin gyara gajiyar shekara huɗu, ko dawo da amarci, ba za su iya ba. Babban rabo na daɗin tafiya yana cikin watannin da ake shirinta, ana zaɓen wuri, ana ƙirga kwanaki, ana gardamar jakar da za a ɗauka. Saboda haka kada ka yi mata bazata. Namiji yakan so ya tara a ɓoye, rana ɗaya ya ajiye tikiti a kan gado don ya ga yadda fuskarta za ta yi. In ka yi haka ka sayi murmushin minti biyar da farin cikin wata goma.

Abin da ni na gani da idona a wurin ma'aurata ya wuce abin da takardar tambayoyi ke kamawa. Shekara tara tana ganinka a matsayin mai fita da safe ya dawo da leda a hannu, kai kana ganinta a matsayin mai sanin inda takalmin kowane yaro yake. Gida yana raba wa kowa aikinsa, har a manta da mutumin da ke bayan aikin. A baƙon wuri ku biyun baƙi ne. Za ku ɓace tare, ku tambayi hanya tare, ka gano ita ce ta fi ka riƙe kwatance, ko ita ta gano kana tsoron ruwa. Za ku zauna awa biyu ba wanda ya kira Mama ko Baba, ku ga ko akwai sauran hira a tsakaninku, kuma yawanci akwai, wuri ne ba ta samu ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce kamar yadda ake faɗa, ana ganin yadda wasu ke gina gidajensu da tafiyar da kasuwarsu, a dawo ana kallon na gida da sabon ido. Amma ilimin da ya fi tsada a tafiyarku shi ne na juna.

Na taɓa yin wauta a wannan fanni, shi ya sa nake jaddada maka maganar rashin gaggawa. Na tara kuɗi da ƙyar, sai na ga tunda na sha wahala dole in more, na cusa garuruwa uku cikin kwana huɗu. Kullum asuba muna ɗaure jaka, kullum dare muna neman masauki da kumburarrun ƙafafu. Na dawo da ciwon baya da hotuna fiye da ɗari biyu waɗanda har yau ban sake buɗewa ba. Abin da ya tsaya mini a rai daga tafiyar duka awa ɗaya ce da ruwan sama ya tsare mu a kan wani benci a tasha, ba inda za mu, muka zauna muna kallon mutane suna gudu da jarida a ka, muna hirar da ba ta da kai ba ta da gindi. Awar nan ko sisi ban biya ba.

Abokinka kuwa, ka gode masa ka ajiye shawararsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai bambanci tsakanin bashin da aka ci don abin da zai kawo kuɗi da wanda aka ci don abin da zai ƙare ranar Lahadi. Dubi yadda yake kifar da lissafin da na kawo maka a sama: daɗin jira ka tsallake shi, tunda yau ka karɓa gobe ka tashi, daɗin bayan dawowa mako biyu ne, biya kuwa wata goma sha biyu ne ko fiye, ko da babu ruwa a kai, balle in akwai. In mota ta sake tsayawa a wata na uku, ga ka babu ajiya ga bashi. Akwai kuma wadda za ta fi ka shan wahalar. Duk ƙarshen watan da aka zare kuɗin daga albashinka, aka rage cefane, maiɗakinka za ta ji a ranta cewa saboda ita ne. Mace mai kife waya don kada ta takura maka ba za ta ɗauki wannan da sauƙi ba. Gaskiya ɗaya ce a bakin abokin naka, rai ba ya jira, kuma maganinta shi ne a rage girman tafiyar a matso da ita kusa.

Ina zargin tafiyar da ke kanka ta kumbura da shekaru. Duk shekarar da ta wuce ba ka cika alkawari ba, sai ka ji dole abin ya ƙara girma don ya biya jiran, girman kuma ya ƙara nisanta shi. Ba Ibn Battuta aka ce ka zama ba, shahararren matafiyin nan wanda ya bar garin Tanja na ƙasar Maroko a 1325 yana ɗan shekara 21, bai sake taka ƙasarsu ba sai bayan shekara 24. Wurin da za a kai cikin yini ɗaya, kwana uku, masauki mai tsabta da tsaro, abu ɗaya da ba ku taɓa gani ba, ko ruwa ne ko dutse ko tsohon gari. Wannan ya isa karon farko. Ƙananan tafiye-tafiye da ake maimaitawa sun fi babba guda da ake jira shekara tara, tunda kowace tana zuwa da nata watannin ɗoki.

Yanzu lissafi. Tafiyar tana buƙatar suna, da rana, da adadi, domin “wata rana za mu je wani wuri” ba a tara masa kuɗi. Ka binciki kuɗin zuwa da dawowa, da masauki, da abinci da zirga-zirga a can, da 'yar tsarabar yara, ka haɗa, sannan ka ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kai, saboda ba a taɓa yin tafiyar da ta tsaya daidai kan takarda ba. Ka gwada jimillar da albashinka. In ta kai albashin wata ɗaya, kana ware kashi 10 cikin 100 duk wata, wata goma ke nan. In ta kai na wata uku, wata talatin ke nan, shekara biyu da rabi, kuma ba na jin akwai ajiyar da za ta rayu haka a gidanka ba a taɓa ta ba. Ka datse ta har ta shigo cikin shekara ɗaya. Kauce wa lokutan da kowa ke tafiya, irin su manyan bukukuwa da hutun ƙarshen shekara, yana rage kuɗin sufuri da na masauki sosai, haka ma kwanakin tsakiyar mako a wurare da yawa.

Aljihu uku za ka yi. Na larura, na dangi, na tafiya. Watanni ukun farko duk abin da ka ware ya shiga na larura, kada ka sa wa tafiya ko ƙwandala. Na san wannan zai yi maka ɗaci, amma shi ne katangar da babu ita sau biyun da suka wuce. Masana harkar kuɗi sukan ce a ajiye abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida. Wannan buri ne na gaba, kai dai ka fara da abin da zai ɗauki gyaran mota ko kwana biyu a asibiti. Daga wata na huɗu sai ka raba. Misali in kashi 15 kake iya warewa, 10 na tafiya, 3 su ci gaba da shiga larura, 2 na dangi. A haka tafiyar albashin wata ɗaya tana nan da wata goma sha uku daga yau. Buɗe kalanda ka ga wane wata ne.

Kada ka raina wannan rabe-raben, ka ce ai kuɗi kuɗi ne ko a wane aljihu suke. A takarda haka ne, a zuciyar mutum ba haka ba ne. Richard Thaler, wanda ya samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2017, ya daɗe yana nuna cewa mutane sukan yi wa kuɗinsu ɗakuna a cikin kai, kuma kuɗin da aka laƙaba wa suna sun fi wuyar taɓawa. A Kenya, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun raba wa mutanen karkara ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da ɗan littafin da kowa ya rubuta abin da yake tara wa na kiwon lafiya. Makullin yana hannun mai akwatin, yana iya buɗewa duk sanda ya ga dama, amma duk da haka ajiyar lafiya ta ƙaru da kashi 66 cikin 100, kamar yadda suka wallafa a 2013. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne akwatin ya sauƙaƙa wa mutane cewa a'a ga masu roƙo, tunda kuɗin sun riga sun zama na wani abu. A Indiya ma, Dilip Soman da Amar Cheema sun ga leburorin da aka zuba wa ajiyarsu a ambulan mai hoton 'ya'yansu, ko aka raba musu ita ambulan biyu, sun fi barin ta ba su yaga ba. To kai ma ka buɗe wa tafiya asusunta dabam, wanda ba shi da kati a aljihunka kuma ba ya cikin manhajar wayarka. Ka ba banki umarnin zare kason ranar da albashi ya shigo, ba ƙarshen wata ba, domin ƙarshen wata ba ya barin saura. Duk wani kuɗin da ya faɗo ba zato, alawus ne ko ladan ƙarin aiki, rabi ya wuce can kafin hannu ya saba da ɗuminsa. In tsadar kaya na gudu, kada ka bar ajiyar ta zauna tana zagwanyewa. Da zarar ta kai kuɗin tikiti ko kafin alƙalamin masauki, ka biya, bayan ka karanta sharaɗin mayar da kuɗi in an fasa. Wanda duk ya ce kawo in juya maka su ninka kafin lokacin, ka yi masa fatan alheri ka wuce.

Maganar ƙanenka tana buƙatar gyara tun daga tushe. Kuɗin makaranta ba larurar gaggawa ba ce, kowa ya san watan da ake biya. In har yanzu yana karatu, ku zauna ku uku da Yaya tun kafin zango ya zo, a san adadin, a san kason kowa, har da abin da shi ƙanen zai iya nemowa da kansa. Wanda ya damu da ka mallaki fili ba zai ƙi ɗaukar wani yanki na wannan nauyin ba, in an gabatar masa cikin ladabi. Sauran buƙatun dangi kuwa, amsarsu tana aljihu na biyu. “Ga abin da na ware na taimako a watan nan, shi ke hannuna.” Ba ƙarya ka yi ba, ba kuma rowa ba. Akwai ranar da za ta zo dole a fasa asusun tafiya, rai ko lafiya ko rufin kai. Ku rubuta waɗannan ukun tun yanzu kai da maiɗakinka, kuma kada a fasa sai da sanin ku biyu. Ina jin abin da ya fi ƙona mata rai a baya ba tafiyar kuɗin ba ce, jin labari ne bayan an gama.

Shi Yaya ba sai ka yi gardama da shi ba, ba kuma izini kake nema ba. Ka same shi ka ce, “Yaya, na ji maganarka ta fili, kuma na ɗauka. Da mun dawo, kason da nake warewa duk wata can zai koma.” Ka cika wannan. Mutumin da ya iya riƙe kashi 10 wata goma ba tare da ya taɓa ba ya riga ya koyi abin da sayen fili ke buƙata, tafiyar ta zame maka makaranta. Nawa za ku kashe da inda za ku sauka, wannan na cikin ɗakinku ne.

Yara fa? Alkawarin nan ita ka yi wa, tun ba a haife su ba. In akwai amintaccen hannun da za a bar su kwana uku, kuma babu mai shan nono, ku tafi ku biyu. In za a tafi da su, lissafi ya canza: ɗaki ya ƙaru, kuma a jirgin sama yaron da ya cika shekara 2 kujerarsa ake saya masa. Hutun uwa kuma yakan ragu, domin aikin gida ne ya bi ta wani gari. Nasu zagayen yana nan tafe, kuma yaro ya fi riƙe abin da ya gani in ya ɗan tasa.

Shawarata ita ce tafiyar farkon nan ta tsaya cikin ƙasa. In kuwa zuciyarku ta kafe sai ƙetare, to ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida, kowane yaro yana buƙatar nasa, kuɗin neman biza ba a mayarwa in an hana, kuma inda ake neman katin rigakafin cutar shawara, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ko da yake tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Duk wannan kuɗi ne da lokaci da za su shiga takardar.

Hutunka na aiki kada ka haɗa shi da cikar asusu. Shekara huɗu ba hutu ba jarumta ba ce, kuma jiki yana rubuta bashinsa. Ka nemi 'yan kwanaki yanzu ko a gida za ka yi su, sannan ka rubuta neman na lokacin tafiya da wuri, ka bar kwana ɗaya tsakanin dawowa da komawa ofis. In kuma ka zauna da takarda ka ga ko kashi 5 ba za su waru ba a bana, kada ka ce shi ke nan. Ku fita yini ɗaya cikin watan nan, ku tashi da sassafe zuwa wani wuri na kusa da ba ku taɓa zuwa ba, ku dawo da dare. Ba zai biya alkawari ba, amma zai nuna mata maganar ba ta mutu ba.

Saura ita. Kada ka sake yi mata alkawari, ta ji biyu ko uku, na huɗu ba zai yi nauyi ba. Takarda za ka kawo. Ka ce mata, “Na san na faɗa ban cika ba, kuma na lura kin daina magana. Ga inda na yi kuskure, ga yadda nake so mu gyara, ke za ki riƙe littafin.” Ka shirya jin abin da ba ka zata ba. Mai yiwuwa wurin da take so yanzu ba shi ne na shekara tara da suka wuce ba. Mai yiwuwa ta ce ita ma filin ya fi kwanta mata, kwana biyu kawai take so ba girki ba wanki. Mai yiwuwa ta yi ɗan murmushi ta ce Allah ya kai mu, da muryar wadda ba ta gaskata ba. Kada ka ji haushi, ka bar saƙon banki na wata na huɗu da na biyar su yi magana.

Ka jira yara su yi barci. Ka zo da takardar da biro, ka zauna kusa da ita, ka ce ta nuna maka hoton da take kallo rannan. In ta ɗauko wayar, kada ka fara da tambayar nawa ne. Tambayi sunan wurin, ka rubuta shi a saman takardar, ka miƙa mata biron ta sa watan.